Sharhi: Matuƙin jirgin sama tsakanin faɗa wa likita gaskiya da rasa abincinsa

Duk ɗan kasuwar da ya saba hawa jirgin sama zuwa Dubai ko Gwanzu ta ƙasar Sin don saro kaya, ko kuwa zuwa Jidda don Umara da aikin Hajji, ya san abubuwan da yake tambaya kafin ya biya kuɗin tikiti: nawa ne, kilo nawa aka yarda ya ɗauka, awa nawa zai yi yana jira a Adis Ababa ko Istambul ko Alƙahira. Amma akwai wata takarda da ba mai tambayarta, alhali kuwa ran duk wanda ke cikin jirgin yana rataye da ita. Ita ce takardar shaidar lafiya da ke aljihun matuƙin. In babu ita, lasisinsa ba shi da wani amfani, ko da ya shekara 30 yana tuƙi. A kan wannan takarda ake ta muhawara a Turai da Amurka tun daga shekarar 2015, kuma abin tambaya shi ne: dokar da ta tilasta wa matuƙi ya bayyana wa hukuma duk wata damuwa da ke cikin zuciyarsa, shin kare fasinja take yi, ko kuwa korar matuƙin take daga wurin likita?

Bari mu fara da yadda abin yake tafiya. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda ake kira OACI a Faransanci, ICAO a Turanci, ita ke shimfiɗa ƙa'idojin gwajin lafiyar matuƙa, sannan kowace ƙasa ta aiwatar da su ta hannun hukumarta, kamar ANAC a Nijar ko NCAA a Najeriya. Za mu fi ɗaukar misali da Amurka, domin a can ne aka fi tona wannan magana a fili. Kyaftin ɗin jirgin fasinja a can yana zuwa gaban likitan da hukumar FAA ta amince da shi sau ɗaya a shekara in bai kai shekara 40 ba, in ya kai kuma duk bayan wata shida. Kafin ya shiga sai ya cika wani fom. A cikin fom ɗin ana tambayarsa ko ya taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa kowace iri ce, har da ciwon damuwa da yawan fargaba, ana kuma neman ya lissafa ma'aikatan lafiyar da ya gani cikin shekara uku da suka wuce. Wanda aka kama ya yi ƙarya, dokar ƙasar ta tanadi tarar da za ta iya kai dalar Amurka 250,000, ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, ko duka biyun.

To, in ya faɗi gaskiya fa? Shekaru da dama, abin da ke faruwa shi ne likitan ba shi da ikon sa hannu nan take. Sai ya tura takardun ofishin hukumar, daga nan a buƙaci matuƙin ya ga likitan ƙwaƙwalwa, a yi masa gwaje-gwajen tunani masu cin dubban daloli, waɗanda galibi daga aljihunsa suke fita, sannan ya zauna gida jiran amsa. Jiran kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Duk tsawon wannan lokaci ba ya tuƙi. Hukumar FAA takan kare kanta da cewa cikin masu bayyana larurarsu, kusan mutum ɗaya ne kacal cikin dubu ake hana wa takarda daga ƙarshe. Wannan lissafi bai faɗi watannin da maigida ya yi zaune ba, ga kuɗin haya, ga makarantar yara, ga bashin banki.

Ga inda gizo ke saƙar. Hawan jini ana auna shi da na'ura, ido ana gwada shi da allo, sukari ana ganinsa a fitsari, zuciya ana ɗaukar bugunta a takarda. Baƙin ciki kuwa ba shi da ma'auni sai bakin mai shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitan da ke ganin mutum na rabin awa a shekara, in mutumin ya yi shiru ya yi murmushi, ba abin da zai gani. Ke nan dukkan tsarin ya dogara ne ga gaskiyar matuƙi, kuma tsarin ne da kansa ya sa wa gaskiyar nan farashi mai tsada.

Ƴan kasuwar kan iyaka ba sa bukatar dogon bayani a nan. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba. Ƙofar kwastan ta bari, ta koma hanyoyin daji a kan babura, farashinta ya tashi, kuma ba wanda ya ƙara sanin buhu nawa ya shiga ko wane iri ne. Duk wanda ke Dan Isa ko Jibiya, Ƙwanni ko Illela, ya ga wannan da idonsa. Haka ciwon damuwa yake a ɗakin tuƙi. In aka tsawwala kuɗin fiton gaskiya, ciwon ba ya barin jirgi, rajistar hukuma kawai yake bari.

Kuma ba zato ake ba, an ƙidaya. A shekarar 2016 masu bincike na jami'ar Habad suka wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa matuƙan jiragen fasinja na ƙasashe daban-daban ba tare da rubuta suna ba. Cikin kusan 1,850 da suka amsa, 233, wato kashi 12.6 cikin ɗari, sun nuna alamomin ciwon damuwa, 75 kuma sun ce tunanin halaka kansu ya zo musu cikin mako biyu da suka gabata. A shekarar 2022 wani binciken da likita William Hoffman ya jagoranta a kan matuƙa 3,765 a Amurka ya gano kashi 56 cikin ɗari sun taɓa kauce wa neman magani ta wata hanya saboda tsoron rasa takardar lafiya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuma sun amsa cewa sun taɓa ɓoye wani abu ko sauya shi a fom. Mai karatu ya lura, waɗannan ba mutanen banza ba ne, ƙwararru ne da aka tace aka sake tacewa. A 2023 ma ta bayyana cewa hukumomin Amurka sun binciki matuƙa kusan 4,800, tsofaffin sojoji, da ake zargin suna karɓar kuɗin tallafin larura a wata ma'aikata amma ba su bayyana larurar ga FAA ba.

Abin da ya tayar da duniya tsaye shi ne hatsarin jirgin kamfanin Germanwings na ƙasar Jamus, ranar 24 ga Maris 2015. Jirgin ƙirar Airbus A320 ya taso daga Barsalona zai tafi Dusaldof da mutum 150. Bayan ya kai tsayin ƙafa 38,000, kyaftin ya fita zuwa banɗaki. Mataimakinsa, Andreas Lubitz, ɗan shekara 27, ya kulle ƙofa daga ciki, ya saita na'ura ta yi ƙasa da jirgin, har ya daki tsaunukan Alf a kudancin Faransa. Ba wanda ya tsira, ciki har da ƴan makaranta 16 da malamansu biyu. Ƙofar da ta hana kyaftin komawa, ita ce wadda aka ƙarfafa bayan harin 11 ga Satumba 2001 don kada ƴan fashin jirgi su iya ɓalla ta. An yi ta don tare mugu daga waje, ba a yi tunanin na ciki ba.

Rahoton ƙarshe na hukumar binciken hatsarin jirage ta Faransa, BEA, wanda ya fito a Maris 2016, shi ne ya fi dacewa a tsaya a kansa, domin ya nuna abin da tsoro ke yi wa mutum. Lubitz ya yi fama da ciwon damuwa mai tsanani a 2008 zuwa 2009 yana ɗalibi, aka yi masa magani, ya koma makaranta. Hukuma ta san da wannan. Sai aka rubuta a takardarsa cewa duk ranar da ciwon ya dawo, takardar ta mutu. Daga ƙarshen 2014 ya fara ganin kamar idonsa na lalacewa, barci ya ƙaurace masa, ya shiga yawo daga wannan likita zuwa wancan. Mai gabatar da ƙara na Faransa ya ce ya ga likitoci 41 cikin shekara biyar. Ranar 10 ga Maris 2015, mako biyu cif kafin hatsarin, wani likita ya ga alamun taɓin hankali a tare da shi, ya ba da shawarar a kwantar da shi a asibiti. An rubuta masa takardun hutun rashin lafiya, har da wadda ta shafi ranar hatsarin, an kuma tsince ta a yage a gidansa. Ba likita ko ɗaya da ya sanar da kamfani ko hukuma, domin a Jamus tona asirin majinyaci laifi ne da ake hukunta likita a kansa, kuma doka ba ta fayyace yaushe ne haɗari ga jama'a zai rinjayi sirri ba.

Masu binciken sun ambaci maganar kuɗi ƙarara. Kason da ya biya na koyon tuƙi ya kai yuro 60,000, wato sama da sefa miliyan 39, kuma wajen yuro 41,000 daga ciki rance ne. Inshorar da yake da ita ba za ta maye masa albashin da zai rasa ba in aka sauke shi. Wannan ba ya wanke shi ko kaɗan, domin ya kashe mutum 149 da ba su ji ba ba su gani ba. Amma duk wanda ya taɓa cin bashin kaya ya san halin mutumin da aka ce masa kalma ɗaya daga bakinsa za ta rufe shagonsa alhali bashin na nan.

A nan ya kamata a yi wani tsokaci. Wata goma sha shida kafin wannan, ranar 29 ga Nuwamba 2013, jirgin kamfanin LAM na Mozambik da ya taso daga Maputo zuwa Luwanda ya faɗi a arewacin Namibiya, mutum 33 suka mutu. Masu bincike sun gano cewa mataimaki ne ya fita banɗaki, kyaftin ya kulle ƙofa ya yi ƙasa da jirgin, kuma mutum ne da ke cikin baƙin cikin rasuwar ɗansa da matsalolin iyali. Kusan labari ɗaya ne. Tun a 1994 ma kwamitin bincike a Maroko ya ɗora wa matuƙi alhakin faɗuwar wani jirgin Royal Air Maroc kusa da Agadir, inda mutum 44 suka mutu. Duniya ba ta sauya doka ko ɗaya mai nauyi ba sai da abin ya faru a tsakiyar Turai.

Bayan 2015 ra'ayi ya rabu biyu. Wasu suka ce a tilasta wa kowane likita ya kai rahoton duk matuƙin da ya zo masa da damuwa. Da jin wannan mutum zai ce ai haka ya kamata. Amma a sake dubawa. Lubitz, duk da abin da ya aikata, ya je wurin likitoci ne saboda ya san bakinsu a rufe yake. In aka ce kowane likita ɗan rahoto ne, na bayansa ba zai je ba sam, sai ya sayi ƙwaya a ɓoye ko ya koma kwalba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Su kansu masu binciken BEA ba su nemi a fasa sirrin majinyaci gaba ɗaya ba. Cewa suka yi a fayyace wa likita lokacin da zai yi magana in rayukan jama'a na cikin haɗari, a kuma kare shi daga hukunci in ya yi, sannan a rage wa matuƙi asarar da yake tsoro. A ganinmu wannan ita ce magana mai hankali, kuma ɓangarenta na biyu ya fi na farko nauyi.

Turai ta fara da abu mai sauƙi: a riƙa barin mutum biyu a ɗakin tuƙi koyaushe. Ba a daɗe ba aka sassauta, kamfanonin Jamus suka yi watsi da shi a 2017, da hujjar cewa yawan buɗe ƙofar ma wani haɗarin ne. Abin da ya zauna shi ne dokar Tarayyar Turai ta 2018, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2021. Ta wajabta a gwada tunanin matuƙi kafin kamfani ya fara ba shi jirgi, a riƙa gwajin barasa ba zato, sannan kowane kamfani ya samar da wata kafa ta sirri inda matuƙi zai kira ɗan uwansa matuƙi da aka horar, ya faɗa masa damuwarsa, ba tare da maganar ta wuce kai tsaye teburin shugaba ba. Hikimar ita ce mutum ya fi sakin baki ga wanda ya san wahalar sana'arsa.

Akwai kuma misalai biyu da suka girmi wannan muhawara. Ostireliya ta yarda matuƙa su yi tuƙi suna shan maganin ciwon damuwa a ƙarƙashin kulawar likita tun 1987. Da aka bi diddigin 481 daga cikinsu na kusan shekara goma, aka kwatanta da wasu 481 da ba sa shan maganin, ba a ga ƙarin hatsari a wurinsu ba. Amurka kuwa sai a Afrilun 2010 ta halatta magunguna huɗu, Prozac da Zoloft da Celexa da Lexapro. Kafin nan duk matuƙin da ya sha ɗaya daga ciki ya sauka daga jirgi. Abin mamaki, ita Amurkar ce ta nuna wa duniya hanya a kan barasa tun 1974, da wani shiri mai suna HIMS na haɗin gwiwar ƙungiyar matuƙa da kamfanoni da hukuma, inda mashayi zai bayyana kansa, a yi masa magani, a sa masa ido, ya koma aiki. Dubban matuƙa sun koma tuƙi ta wannan hanya. Wato mashayi ya samu hanyar dawowa shekara 36 kafin mai shan maganin baƙin ciki.

Sai da aka kusa wata asarar kafin Amurka ta sake motsawa. Ranar 22 ga Oktoba 2023, wani kyaftin na kamfanin Alaska Airlines mai suna Joseph Emerson, wanda ba ya bakin aiki, ya hau kujerar baƙo a ɗakin tuƙin wani jirgi mai zuwa San Faransisko. A sararin sama ya kai hannu ga maɗaurai biyu na kashe gobara, waɗanda in an ja su mai ke daina zuwa inji. Matuƙan biyu suka yi kokawa da shi, suka sauke jirgin lafiya a Fotlan da sauran mutum 83. Ya ce ya ci wata laimar kwaɗi mai bugarwa kwana biyu kafin nan, kuma ya yi awa 40 bai runtsa ba. Daga baya ya shaida wa ƴan jarida cewa tun rasuwar amininsa yake cikin damuwa, an ba shi shawarar ya ga likita ya fara shan magani, amma da ya duba ya ga za a sauke shi na dogon lokaci sai ya fasa. A 2025 ya amsa laifinsa a kotu. Shekara biyu kafin wannan lamari, wani ɗalibin koyon tuƙi ɗan shekara 19 a jami'ar Dakota ta Arewa ya halaka kansa da ƙaramin jirgin makaranta, kuma iyayensa sun tsaya gaban hukumar binciken hatsari ta NTSB a Disambar 2023 suna bayanin cewa tsoron rasa tuƙi ne ya hana shi neman taimako.

Kwamitin da FAA ta kafa ya miƙa shawarwari 24 a Afrilun 2024. Cikinsu akwai cewa a daina tilasta wa matuƙi bayyana zaman shawara da ya yi da mai ba da shawara kan damuwa, a kuma buɗe ƙofa ga waɗanda suka taɓa ɓoye larura su fito ba tare da hukunci ba. Hukumar ta ƙara yawan magungunan da ta halatta a 2023 da 2024, ta kuma ba likitocinta ikon sa hannu nan take a wasu larurori marasa tsanani. A Satumbar 2025 majalisar wakilai ta amince da ƙudirin doka da zai tilasta aiwatar da shawarwarin.

Kada wani ya fahimci cewa ana neman a bar kowa ya tuƙa jirgi. Mai taɓin hankali da ke jin muryoyi, ko wanda ke shirin halaka kansa, ba shi da wuri a ɗakin tuƙi, kuma ba ƙasar da ta yarda da haka. Sai dai irin su Lubitz ƴan ƙalilan ne ƙwarai cikin miliyoyin tashin jirage da ake yi kowace shekara, kuma mafi yawan masu ciwon damuwa ba sa cutar da kowa. Haɗarin da ya fi yawa shi ne na matuƙin da bai yi barci ba, hankalinsa na gida, ya yi jinkirin daƙiƙa uku wajen yanke shawara a lokacin sauka cikin ƙurar hunturu. Shi ne wanda magani da hutun wata biyu za su gyara, shi ne kuma wanda tsoro ke hana magana.

A wajenmu nauyin ya ninka. Matuƙan da ke fitowa daga kwalejin Zariya, da masu kula da zirga-zirgar jirage da ake horarwa a makarantar EAMAC ta Yamai, duk a ƙarƙashin ƙa'idojin OACI ake gwada lafiyarsu. Amma suna zaune ne cikin al'ummar da in aka ji mutum ya ga likitan ƙwaƙwalwa sai a ce ya zautu, maganar ta bi shi har wajen neman auren ƴaƴansa. Najeriya sai a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a shekarun nan ƙungiyar likitocin wannan fanni ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Ga shi kuma matuƙi ɗaya kan ɗauki nauyin gidaje da yawa, sau da yawa dangi ko gwamnatin jiha ne suka biya masa makaranta. Wanda ke cikin wannan hali zai fi zuwa wurin malam a yi masa addu'a, abin da ba laifi ba ne, amma ba zai rubuta komi a fom ba.

Don haka tambayoyin da ya kamata ƴan majalisa da ƙungiyoyin ƴan kasuwa da hukumomin alhazai su riƙa yi wa kamfanonin da ke ɗaukar mutanenmu ba su da wuya. In matuƙinku ya ce yana bukatar hutu saboda damuwa, wa ke biyan albashinsa, kuma har wata nawa? Yana da inshorar rasa lasisi da ta haɗa da larurar ƙwaƙwalwa? Akwai lambar da zai kira cikin dare ba tare da manaja ya ji ba? Musamman a lokacin jigilar alhazai, sa'ad da ake hayar jirage da matuƙa daga ƙasashe daban-daban a yi ta sawu ba dare ba rana, ya dace a rubuta waɗannan sharuɗɗa a cikin kwangila tun kafin a sa hannu. Kuɗin albashin matuƙin da ke hutun jinya dai daga tikiti zai fito, kuma fasinjan da ya tashi daga Yamai ko Kano ne zai biya.